Jarabar Da Ake Rubutawa A Katin Asibiti

Kermit wani ɗan ƙaramin gari ne a jihar West Virginia ta Amurka, cikin duwatsun da ake haƙar kwal. Mutanensa ba su wuce 400 ba, wato taron ɗaurin aure guda a Fagge ya fi su yawa. Amma cikin shekara biyu kacal, manyan dillalan magani suka sauke wa kantin magani ɗaya a garin ƙwayar kashe raɗaɗi mai suna haidrokodon kusan miliyan 9. In an raba, kowane mai rai a Kermit, har da jariri a goye, zai tashi da ƙwaya wajen 22,000. Ba a cikin buhun gawayi aka ɓoyo su ba. Da rana tsaka aka kawo su, da rasit da lasisi, kuma takardar likita ake nunawa a karɓa.

Ɗan jaridar da ya tono zancen, Eric Eyre na jaridar Charleston Gazette-Mail, ya gano cewa cikin shekara shida an zuba wa jihar, mai mutane ƙasa da miliyan 2, ƙwayoyin haidrokodon da oksikodon miliyan 780. A daidai wannan lokaci mutum 1,728 suka mutu a jihar saboda shan waɗannan ƙwayoyi biyu fiye da kima. Aikin ya ba shi lambar yabo ta Pulitzer a 2017.

In aka ce shaye-shaye a ƙasar Hausa, hoton da ke faɗo wa mutum a rai sananne ne: matashi a kangon bayan unguwa, ido ja wur, ana kiransa ɗan ƙwaya, ana Allah wadai da tarbiyyarsa. Akwai shi, babu musu. Sai dai hoton nan yana kare wani mutum da ke tsaye a bayansa, sanye da farar riga, ko zaune a bayan kantar kemis, ko yana bi gida-gida da jakar allura. Da yawa daga waɗanda jarabar ƙwaya ta kama, ciwo ne ya kai su gare ta: baya, ko karaya, ko haƙori, ko tiyata, ko tashin sikila. Magani suka je nema, aka ba su fiye da buƙata, na kwanakin da suka wuce buƙata, ba tare da an ce musu uffan a kan abin da zai biyo baya ba. Duk yaƙin da za a yi da ƙwaya bai taɓa hannun mai bayarwa ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Amurka ta ɗanɗana kuɗarta a kan wannan, kuma abin ya samo tushe ne daga wata 'yar wasiƙa mai jimla biyar. A 1980 wani likita a Boston, Hershel Jick, da abokiyar aikinsa Jane Porter suka aika wa mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ɗan bayani cewa cikin marasa lafiya 11,882 da aka ba magungunan dangin ofiyom, huɗu kawai aka ga sun kamu da jarabarsu. Mutanen nan a kwance suke a gadon asibiti, nas ce ke miƙa musu maganin tana ƙirgawa. Wasiƙar ba ta ce komai ba game da wanda za a sallama da kwalba cike ya tafi gida ya yi wata shida yana sha. Duk da haka sai aka ɗauke ta aka mai da ita hujja. Masu bincike da suka bi sawunta a 2017 sun ƙirga rubuce-rubucen ilimi 608 da suka ambace ta, mafi yawansu a matsayin shaidar cewa da wuya mai ciwo ya kamu da jaraba.

A ƙarshen 1995 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince wa kamfanin Purdue Pharma, mallakar iyalan Sackler, ya sayar da OxyContin. Oksikodon ne aka yi wa rufi don ya riƙa narkewa a hankali cikin awa 12. Kafin wannan lokaci, irin wannan magani mai ƙarfi akasari na masu ciwon daji ne, da waɗanda ke gargara, da waɗanda aka fito da su daga ɗakin tiyata. Wannan kasuwa ta yi wa Purdue kaɗan. Masu ciwon baya da gwiwa da amosanin gaɓɓai sun fi yawa nesa ba kusa ba, ciwonsu kuma ba ya ƙarewa, saboda haka cinikinsu ma ba zai ƙare ba.

Sai kamfanin ya shiga farautar likitoci. Tsakanin 1996 da 2000 ya ƙara yawan 'yan tallarsa daga 318 zuwa 671. Ya tattara bayanan likitocin da suka fi sakin hannu wajen rubuta maganin raɗaɗi, ya tura musu 'yan talla. Daga 1996 zuwa 2001 ya shirya taruka sama da 40 a wuraren shaƙatawa na Florida da Arizona da California, inda ya ɗauki nauyin likitoci da masu harhaɗa magani da ma'aikatan jinya sama da 5,000, ci da sha da kwana duk a aljihunsa. Akwai ma takardar ɗanɗano, wadda likita zai ba mara lafiya ya je ya karɓi ƙwayar farko kyauta, kamar yadda mai tsire ke yanka wa mai wucewa ɗan loma. An karɓi wajen 34,000. A 2001 kaɗai kamfanin ya raba wa 'yan tallarsa tukuicin dala miliyan 40. Abin da aka koya musu su faɗa wa likitoci shi ne haɗarin kamuwa da jaraba bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Cinikin OxyContin ya tashi daga dala miliyan 48 a 1996 zuwa kusan dala biliyan 1.1 a 2000.

Likitocin ba duka ne mugaye ba, kuma nan ne abin ya fi ban tsoro. A shekarun nan an yi ta kamfe cewa a ɗauki zafin ciwo a matsayin alama ta biyar da dole a auna wa kowane mara lafiya, bayan zafin jiki da bugun zuciya da numfashi da hawan jini. Ana nuna wa mutum ma'auni daga sifiri zuwa goma ya zaɓi lambar ciwonsa, asibiti kuma ana duba shi a kan ko ya sauke lambar. Likita mai tausayi da ke da minti goma da kowane mara lafiya, me ya fi masa sauƙi da ya wuce ɗaukar biro? Har wata kalma aka ƙirƙiro a 1989, wai “jarabar ƙarya”: in mara lafiya ya dawo kafin lokaci yana roƙon ƙari, yana ƙirƙirar dalilai, to wai alama ce ta maganin bai ishe shi ba, a ƙara masa. Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro kalmar, David Haddox, daga baya ya zama babban ma'aikaci a Purdue. Da kuma aka fara kuka cewa ƙwayar tana sakin mutane kafin awa 12 ta cika, binciken jaridar Los Angeles Times na 2016 ya nuna amsar kamfanin ita ce a ƙara ƙarfin ƙwayar.

Yadda maganin ke aiki a jiki ba sirri ba ne. Dangin ofiyom, daga mofin da kodin da tiramol har zuwa hiroyin, ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa a ƙwaƙwalwa. Suna dusashe saƙon zafi, suna kuma kawo wata irin natsuwa da sakin jiki. In aka yi ta ɗura wa jiki sai ya saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu. Ranar da aka tsaya sai gumi da hamma, hawaye da majina, murɗawar ciki da gudawa, ciwon ƙashi da rashin barci. Mai shi sai ya ɗauka tsohon ciwonsa ne ya dawo, ko zazzaɓin cizon sauro ne, ya koma wurin wanda ya ba shi tun farko. Daga nan shan ya tashi daga neman jin daɗi, ya zama abin da zai iya ɗaga mutum daga shimfiɗa da safe. Mutuwa kuwa ta numfashi take zuwa: in ƙwayar ta yi yawa, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke sa mutum jan iska sai ya yi barci, mai shi ya bi shi.

Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, in ji Hausawa, kuma masana sun auna tsallen da kwanaki. A 2017 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da nazarin bayanan mutane sama da miliyan ɗaya da aka rubuta wa irin wannan magani karon farko. A jimlace, kashi 6 cikin 100 suna nan suna sha bayan shekara guda. Waɗanda shansu na farko ya kai kwana takwas zuwa sama, adadin ya kai kashi 13.5. Waɗanda suka yi wata guda ko fiye, kusan kashi 30. Ga kuma abin da ya kamata ya sa ɗan Najeriya ya gyara zama: cikin waɗanda aka fara musu da tiramol, maganin da ake ɗauka mai sauƙi ne, kashi 13.7 suna kansa bayan shekara. Saboda haka kwanakin da likita ya rubuta a kati, uku ko talatin, ba ƙaramar magana ba ce.

To ko maganin yana yin aikin da aka ce yana yi? A 2018 mujallar JAMA ta buga sakamakon gwajin da aka yi wa tsofaffin sojoji 240 masu tsohon ciwon baya ko amosanin gwiwa da ƙugu. Rabi aka ba su dangin ofiyom, rabi aka fara musu da irin su farasitamol. Bayan wata 12, masu shan ofiyom ba su fi sauran iya harkokinsu ba, illolin magani kuma sun fi yawa a wajensu.

Sakamakon ya zo a makare. A 2012 likitocin Amurka sun rubuta takardun irin waɗannan magunguna miliyan 255, wato takarda 81 ga kowane mutum 100. Da aka sauya fasalin OxyContin a 2010 don ya yi wuyar dakawa, aka kuma fara rufe asibitocin da suka koma shagunan sayar da takarda, waɗanda suka riga suka kamu ba su warke ba don an rufe ƙofa. Titi suka koma, inda hiroyin ta fi arha. Wani nazarin gwamnati ya nuna huɗu cikin biyar na sababbin masu shan hiroyin da ƙwayar asibiti suka fara. Daga 2013 fentanil na bayan fage, wanda ya ninka hiroyin ƙarfi har sau 50, ya mamaye kasuwar. A 2021 kaɗai mutum sama da 80,000 dangin ofiyom suka kashe a Amurka.

Hukunci fa? A 2007 kamfanin da manyan jami'ansa uku suka amsa laifin yaudarar jama'a a kan haɗarin maganin, suka biya dala miliyan 634.5, aka ci gaba da ciniki. A 2020 kamfanin ya sake amsa laifi, har da na bai wa likitoci na goro. A 2024 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wata yarjejeniya da za ta kare iyalan Sackler daga ƙarar jama'a, a 2025 kuma aka daidaita a kan dala biliyan 7.4. Babu ko ɗaya daga cikin iyalan da ya kwana a gidan yari. Wanda ya kwana shi ne John Kapoor, mai kamfanin Insys, da aka ɗaure shekara biyar da rabi a 2020 saboda saye likitoci su rubuta wani fentanil da ake fesawa a baki.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa wannan ciwon masu kuɗi ne, ƙasar da likita ya yi yawa har yana neman wanda zai rubuta wa magani. Gaskiya ne siffar ta bambanta. A nan ganin likita kansa aiki ne. Amma wurin da likita ya bari ba fanko yake ba. Mai kemis ya zauna a ciki, ana ma kiransa Dakta.

“Dakta, a haɗa mini na ciwon jiki.”

“Na nawa?”

Tambayar ke nan, ba ta biyu. Babu mai tambayar me ke damunsa, tun yaushe, ko me ya sha jiya. A ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a 'yar leda, jaja da kore da fari, babu suna babu kwali. Lasisin mai kemis bai ba shi ikon sayar da maganin da sai da takardar likita ba, balle yin allura, amma wa ke dubawa? Ɗan dako a kasuwar Dawanau, da mai haƙar yashi, da direban da zai kwana a hanya, da manomin da damina ta tsaya masa a wuya, duk gajiya ce da ciwon jiki na gaske ke kai su. In haɗin jiya ya yi aiki, gobe za su ce a ba su irinsa. Mai kemis ɗin da haɗinsa ya fi “ƙarfi” shi ya fi ciniki, kamar yadda a asibitin kuɗi likitan da bai yi allura ba ake cewa bai iya aiki ba. Majinyata ma suna da nasu kason na laifi a wannan.

Alƙaluman sun nuna girman abin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da aka duba. Bayan wiwi, abin da ya zo na biyu shi ne magungunan raɗaɗi irin su tiramol, mutum miliyan 4.6, sai maganin tari mai kodin, miliyan 2.4. Ɗaya cikin kowane huɗu na masu ta'ammali da ƙwaya mace ce. Tiramol da kodin duk kayan kanti ne, an ƙera su a masana'anta da sunan magani.

Tiramol wani kamfanin Jamus ne, Grünenthal, ya haɗa shi a 1962, ya shiga kasuwa a 1977. Abin da hukumar kula da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta amince da shi miligiram 50 ne da 100, kuma ƙa'idar likitanci ba ta yarda a wuce 400 a yini ba. Abin da ke yawo a tasha da kasuwa mai 120 ne da 200 da 225, ana watsa biyu ko uku a baki lokaci guda. Shi ya sa ake ganin matasa suna faɗuwa suna shure-shure kamar masu farfaɗiya, don tiramol yana da wannan sharri ban da na numfashi. A Satumban 2017 an kama ƙwaya sama da miliyan 3 a Nijar cikin mota guda da ta taso daga Najeriya za ta arewacin Mali. A arewacin Kamaru abin har ya ruɗi masana kimiyya: a 2013 wasu suka sanar cewa sun gano tiramol a saiwar tafashiya, suna murna bishiya ce ke yin sa. Shekara guda bayan nan wasu masanan suka nuna daga ina ya fito. Manoma ne ke sha, suna kuma ba shanun huɗa don su jure aiki, fitsarinsu ya jiƙa ƙasa har saiwa ta tsotsa.

Kodin kuwa an san yadda ta kaya. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa kwalba miliyan 3 ake shanyewa kullum a Kano da Jigawa. Ko da an yi ƙari a lissafin, duk wanda ya ga kwalabe a kwatocin unguwanni ya san ruwa ba ya tsami banza. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta nuna binciken da Ruona Meyer ta jagoranta, inda aka ɗauki hoton ma'aikatan kamfanonin magani suna sayar da kwali-kwali ta bayan gida. Washegari ministan lafiya na lokacin, Isaac Adewole, ya sanar da haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. An yi tafi. Har yau hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, tana kama kwantenoninsa a tashoshin ruwa na Legas da Onne. Da Indiya ta tsaurara dokar tiramol a 2018, 'yan kasuwa suka sauya sheƙa zuwa haɗin tafentadol da karisofurodol, wanda wani binciken BBC na Fabrairun 2025 ya bi sawunsa daga kamfanin Aveo da ke kusa da Mumbai zuwa titunan Najeriya da Tamale ta Gana. Indiya ta haramta haɗin cikin 'yan kwanaki. Ana toshe rami guda, ɓera na fitowa ta wani, domin masu buƙatar suna nan ba a yi musu magani ba.

Inda hannun ma'aikacin lafiya ya fi fitowa ƙarara shi ne wajen masu sikila. Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, ana ƙiyasin jarirai wajen 150,000 ake haifa da ita duk shekara. Wanda bai taɓa kwana a kan yaron da sikila ta tasar wa ba, da wuya ya gane: yana birgima yana ihu kamar ana sara ƙashinsa da gatari. Wannan ciwo yana buƙatar magani mai ƙarfi, babu mai imanin da zai hana. Abin da aka fi samu a asibitoci shi ne allurar pentazosin, wadda ake kira penta, don tana da arha kuma tana ko'ina. A yi masa, ya samu barci. Zuwa na biyu ya riƙe sunanta. Zuwa na uku layi ya yi tsawo, kuɗin gado babu, sai wani ya ce ai akwai mai allura a unguwa. A kwana a tashi ya koyi yi wa kansa. Likitocin jini da na ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na ƙasar nan sun sha rubuta abin da ke biyo baya: cinya da damtse su sandare kamar itace saboda yawan huda, gyambo ya buɗe ya ƙi warkewa, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Cikin waɗanda aka samu da wannan jaraba har da ma'aikatan lafiya, waɗanda mabuɗin kabad ɗin ke hannunsu.

Mafi ciwo, ranar da wannan yaro ya dawo asibiti da tashin sikila na gaskiya, sai a bi shi da kallon ɗan ƙwaya, a bar shi a benci yana murƙususu. Tsarin da ya koya masa allurar shi ne kuma ke hukunta shi a kanta. Ga shi akwai maganin da ke rage yawan tashin ciwon tun daga tushe, haidroksiyuriya, wanda da gwamnatocin jihohi za su sauƙaƙa shi da an rage zuwa neman penta.

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Ƙasar da tiramol ya cika tashoshin motarta ita ce kuma ƙasar da mai ciwon daji ke mutuwa yana kuka babu mofin. Wani kwamiti na mujallar The Lancet ya ruwaito a 2017 cewa cikin tan 298.5 na mofin da danginsa da ake rabawa a duniya a shekara, tan 0.1 kacal ke isa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma abin da Najeriya ke samu bai kai kashi 1 cikin 100 na buƙatar masu tsananin jinya ba. Tsoron jaraba da wahalar takardu sun sa likitoci da yawa ba sa ko kusantar mofin, alhali shi ne mai arha, shi ne aka fi sanin halinsa. Ƙarshenta ƙato mai gajiyar aiki ya samu ƙwaya mai 225 a bakin tasha, tsohuwa mai ciwon dajin mama a ba ta farasitamol a ce ta yi haƙuri.

Saboda haka masu kiran a haramta komai su dakata. Amurka ma ta gwada irin wannan fargar Jaji. Bayan CDC ta fitar da ƙa'ida a 2016 cewa kwana uku kan isa ga sabon ciwo, kuma da wuya a buƙaci fiye da bakwai, wasu likitoci suka tsorata suka yanke wa tsofaffin majinyatansu magani dare ɗaya. Wasu suka koma titi, wasu suka kashe kansu. A 2019 FDA ta yi gargaɗi a daina yankewa kwatsam, a 2022 kuma CDC ta gyara ƙa'idar. Wanda jikinsa ya saba, a hankali ake sauke shi.

Misalin da ya fi dacewa da Najeriya yana Uganda. A 1993 Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Najeriya, ta kafa Hospice Africa Uganda, inda ake dama garin mofin da ruwa a zuba a kwalba a ba masu tsananin jinya su sha a gida, da ma'auni da rajista. A 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar musamman ikon rubuta shi. Maganin ya isa ƙauye, kuma kowace kwalba an san wanda ya rubuta ta da wanda ya karɓa.

Wannan rajista ita ce Najeriya ta rasa. Mayar da 'yan kasuwar magani na Sabon Garin Kano zuwa cibiyar Dangwauro a 2024 mataki ne mai kyau, don a karon farko ana iya tsayawa a ƙofa guda a ga abin da ke shiga da fita. Amma kwalin da ya bar Dangwauro, ina ya sauka? Hukumar PCN mai ba kemis lasisi da majalisar MDCN mai kula da likitoci suna da ikon ƙwace lasisi. Jama'a na ganin hotunan matasan da NDLEA ta kama a tsugune gaban tulin ƙwaya kusan kowane mako. Ya kamata su riƙa ganin sunayen asibitoci da kantunan da aka rufe saboda penta da tiramol da suka fita babu lissafi. Kowace allurar penta a rubuta wanda ya ba da umarni, da wanda aka yi wa, da sau nawa aka yi masa a watan. Ɗan tallan kamfanin magani da ke shiga ofishin likita da kyauta a hannu, a san abin da ya kawo. Purdue ma da biro da hula da tikitin taro ya fara.

Waɗanda suka riga suka kamu kuwa marasa lafiya ne, kuma jinyarsu sananniya ce a likitance. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri da Dawanau ba za su ɗauki mutum miliyan 4.6 ba, likitocin ƙwaƙwalwa a duk ƙasar kuma ba su kai 300 ba. Rashin wurin zuwa ne ke sa iyaye kai 'ya'yansu gidan mari, irin wanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019 suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa ba ta sauke jikin da ya saba da ofiyom. Kowane babban asibitin jiha yana buƙatar sashen da za a karɓi irin waɗannan mutane ba tare da an tozarta su ba, da kuma naloksan a ɗakin gaggawa, allurar da ke dawo da numfashin wanda ƙwaya ta danne.

Kafin hukumomi su motsa, duk wanda aka miƙa wa tiramol ko kodin ko aka zuƙo masa penta, shi ko ɗansa ko mahaifiyarsa, ya tambaya tukuna: “Likita, mene ne sunan wannan, na kwana nawa ne, kuma ranar da zan daina yaya zan yi?” In mai bayarwar ya kasa amsawa, ya mayar masa da kayansa ya nemi wani likitan.